Minti Uku da Ba Nasa Ba

Sirajganj, 20 ga Ramadan

Zuwa ga ɗana Tuhin,

Assalamu alaikum. Bayan addu'a da sa albarka, ina fatan kai da matarka Nilufar kuna lafiya, kuma ana azumi a gidanku yadda na koya maka, ba irin na mutanen Dhaka da ake shan shayi a bayan labule ba. Ni lafiya lau nake, ban da gwiwa.

Magana ta farko, ƙyaurena. Yau wata goma sha huɗu ke nan da ka zo da mota da ƙarti biyu ka cire ƙyauren ɗakina, ka ce aro ne na mako shida, za ka sa a fim. Har yau zani ne rataye a ƙofar. Kajin maƙwabciyata Jobeda sun mai da ɗakina wurin hutawarsu. Ka sani sarai wannan ba katako ne kawai ba. Mahaifinka ya sassaƙa shi da hannunsa shekarar da na haife ka. Sau uku kogin Jamuna yana cinye mana gida, sau uku ina ɗauko ƙyauren nan a ka. Kogi ya tafi da gona, ya tafi da kabarin mahaifinka, bai samu ƙyauren ba. Sai ga shi ɗan fim ya tafi da shi.

Magana ta biyu, sana'arka. Ra'ayina bai canja ba. Mahaifinka malamin lissafi ne. Ni na gama aji goma a lokacin da 'yan mata uku ne kacal a ajin. Bayan rasuwarsa na ɗinka barguna da tsofaffin zannuwana na sari har idona ya dushe, don ka zama malami ko ma'aikacin ofis, ba don ka riƙa koya wa 'ya'yan mutane rawa a cikin ruwan sama ba. A wurin ta'alimin mata na ranar Laraba, matar Haji Mozammel ta tambaye ni, da ladabin ƙanwa ga yaya, "Apa, wai wane aiki ɗanki yake yi a Dhaka?" Na ce mata, "Aikin halal." Da na dawo gida sai da na yi istigfari, don ban tabbata ba.

Shagon nan da ake kunna waƙoƙi kusa da makarantar 'yan mata, an rufe shi. Takarda biyu kawai na rubuta wa babban jami'in gunduma. Alƙalamina bai tsufa ba.

Na aiko muku da madin dabino ta hannun direban bas. Ka ce wa Bouma, wato surukata Nilufar, ta rage barkono a sahur, cikinka ba ya so. Ka riƙe salla.

Mahaifiyarka,
Meherunnesa Khatun

*

Dhaka, 27 ga Ramadan

Ma,

Ina sallama a ƙafafunki. Madi ya iso, kuma Nilufar ta shanye rabi tana cewa ɗanɗanawa take yi. Ki gaida kajin Khala Jobeda, ki ce musu zamansu ya kusa ƙarewa.

Ma, fim ya kammala. Shekara huɗu ina bin sa. Za a fara nuna shi Juma'a ta biyu bayan Sallah, idan manyan finafinan faɗa sun gama cin kasuwarsu. Sinima tara muka samu a duk ƙasar, ɗaya ita ce ta bakin tashar garinmu. Sai da na yi rigima da mai rarraba fim kafin ya yarda, yana cewa, "Wa zai kalli wannan a Sirajganj?" Na ce masa mutum ɗaya nake so ya kalla.

Babu rawa a ruwan sama, babu bindiga. Sunansa Ƙyauren Gidanmu. Ba zan gaya miki labarin ba.

Ga yadda abin yake. Mai sinima mako ɗaya yake ba fim. In Alhamis ta zo kujeru ba su kai rabi ba, sai ya sauke shi ya ɗora wani. Fim irin nawa ba ya cika wuri ranar farko. Mace ce za ta gani, ta koma gida ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta jawo mijinta. In mata suka zo, zai rayu. In ba su zo ba, shi ke nan, kuma babu wanda zai sake ba ni damar yin irinsa.

Na san ƙafarki ba ta taɓa taka sinima ba. Akwai bene na mata zalla, da ƙofarsa daban. Ki je na azahar, ki dawo kafin la'asar ta wuce. In kin ga abu ɗaya da ya sa kika sunkuyar da kai, na yi miki alkawarin barin sana'ar nan.

Ƙyaure zai dawo, ni da kaina zan ɗora shi.

Ɗanki mai neman albarka,
Tuhin

*

Sirajganj, 19 ga Shawwal

Tayebur Rahman (yau da sunanka na yanka zan kira ka, ba Tuhin ba),

Sallama haƙƙin kowane Musulmi ce, don haka assalamu alaikum. Ban da ita ba ni da wata gaisuwa.

Na je. Kuma da ni kaɗai na je, da na haɗiye abin na mutu da shi. Amma na yarda da maganarka, na tsaya a gaban matan ta'alimi na ce, "Ɗana ya yi fim mai tsabta, ku zo ku gani." Mu takwas muka tafi ranar Asabar, har da matar Haji da 'yarta budurwa. Ni na saya musu tikiti, ni na saya musu gyaɗa.

Da aka fara, na ga kogi, na ga amarya a kwalekwale, na ga gonar shinkafa. Zan faɗi gaskiya, zuciyata ta fara sanyi. Ko minti goma ba a yi ba, amaryar ta ɗauki tulu ta gangara bakin ruwa. Sai hoton ya yi ja, kiɗa ya canja, sai ga mace tsirara tana wanka tana kallon mutane. Ba zan ƙazantar da takardata da sauran ba. Mazan da ke ƙasa suka hau fito da buga kujeru, wani yana ihu, "A maimaita! A maimaita!" Jobeda, da ba ta san lokacin yin shiru ba, ta ce, "Apa, ita ce amaryar? Ta yi ƙiba cikin minti ɗaya!" Matar Haji ta rufe wa 'yarta ido da gyale, ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, "Wannan ne aikin halal ɗin, Apa?"

Na sauko matakalar nan ban san da gwiwa ba. Shekara hamsin da takwas ina gina sunana a garin nan, ba miji, ba gona, sai mutunci. Ka rushe shi a minti uku.

Ban yi kuka ba. Na zauna na rubuta takardar koke, mata arba'in da ɗaya suka sa hannu, na kai wa babban jami'i da kaina. Ranar Litinin aka rufe fim ɗinka a garin nan. Wani ɗan jarida ya zo har gida ya tambaye ni ko gaskiya ne ni ce mahaifiyar daraktan. Na ce ni ce. Ya ce me zan gaya wa iyaye. Na ce ya rubuta: ni na haife shi, amma ban haifi wannan ƙazantar ba, duk macen da ta san darajar kanta kada ta je.

Ka ce in na sunkuyar da kai za ka bar sana'ar. Na sunkuyar. Ka cika alkawari. Kuma ka dawo mini da ƙyauren mahaifinka kafin ka shafa masa najasa, in ba ka riga ka shafa ba.

Meherunnesa Khatun

*

Dhaka, 24 ga Shawwal

Ma,

Assalamu alaikum.

Wannan matar ba ta cikin fim ɗina. Ban taɓa ganin ta ba. Ban ɗauke ta ba.

A sinimomin ƙananan garuruwa akwai abin da ake kira guntu. Ɗan yankin fim ne na batsa, mai sinima yake ajiye shi. Mai haska fim zai yanka faifan kowane fim aka kawo, ya liƙa guntun a tsakiya, don ya jawo samari. In jami'ai za su zo dubawa sai ya cire. Duk mai tuƙa keken haya na rikisha a Sirajganj ya san wannan. Duk namijin da ke ƙasan benen nan ya san ba nawa ba ne. Ke da matan ta'alimi ne kawai ba ku sani ba, don ba ku taɓa shiga ba. Laifina shi ne ban zo da kaina na tsaya a kan injin ba. Ina Dhaka ina ƙirga kawunan mutane a bakin ƙofa.

Ma, shagon waya yana bakin layinmu. Taku nawa ne daga ƙofarki? Kin samu ƙarfin zagaya gida arba'in da ɗaya neman sa hannu, ba ki samu ƙarfin tambaya ta ba. Ko Khala Jobeda ta lura ba mace ɗaya ba ce.

Jaridar ta fito ranar Laraba. Ba ta Sirajganj kaɗai ba ce, Ma, ko'ina ake karanta ta.

Ba zan iya rubuta sauran ba yanzu.

Tuhin

*

Sirajganj, 28 ga Shawwal

Tayebur,

Wa alaikumus salam. Tun kana ɗan shekara bakwai in ka fasa kwano sai ka ce mage ce. Yanzu magen ta zama mai haska fim. Sunanka na gani a bango, da manyan haruffa, ba sunan wani mai liƙi ba. Wanda ya shiga sana'ar da ake irin wannan a cikinta, shi ya san inda ya kai kansa.

Na lura ka daina sallama a ƙafafuna. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka

*

Dhaka, 9 ga Zulƙida

Ma mai daraja,

Ina sallama a ƙafafunki, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni ce Nilufar. Tuhin bai san ina rubuta miki ba. Shekara biyar ina surukarki ban taɓa mayar miki da magana ba, yau ki yi haƙuri da ni.

Zan gaya miki abin da na gani da idona. Ranar Juma'ar farko a sinimar da ke kusa da mu, ko kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru bai cika ba. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Ranar Lahadi aka ƙaru. Ranar Talata kujeru suka wuce rabi, kuma yawanci mata ne, wasu da goyo, wasu da iyayensu tsofaffi. Na ga wata dattijuwa ta fito tana share hawaye, ta kama hannunsa ba tare da ta san ko wane ne shi ba, ta ce, "Ɗana, gobe ma akwai? Zan kawo yayata." Manajan ya dafa shi ya ce, "Bhai, ɗan'uwana, ka samu mako na biyu, wataƙila har na uku." A hanyar gida Tuhin ya saya mini furen yasmin, ya ce, "Da Ma ta gani za ta rubuto. Za ki ga wasiƙar da za ta rubuto."

Washegari jarida ta fito da maganarki a shafin farko.

Ranar Alhamis babu mace ko ɗaya. Samari ne suka cika wurin, sun karanta cewa akwai tsiraici. Suka zauna awa biyu suna jira, ba su ga komai ba, don a Dhaka babu wanda ya liƙa guntu. Sai suka hau karya kujeru suna ihu, "Ina wurin da uwarsa ta gani? A nuna mana wurin da uwarsa ta gani!" Yana tsaye a bayan zauren yana ji.

Mutanen kirki sun gudu saboda maganarki, 'yan iska sun gudu saboda ba su samu abin da kika faɗa ba. Ranar Juma'a duk sauran sinima takwas ɗin suka sauke shi. Hukuma ta dakatar da takardar izininsa har a gama bincike, kuma an ce binciken yakan ɗauki shekara. Dattijon da ya zuba kuɗinsa ya daina ɗaukar waya.

Yanzu kullum yana zaune a baranda kusa da ƙyaurenki. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya cewa komai. Da yana faɗa da hankalina ya fi kwanciya.

Ban ce ki yarda da ni ba. Faifan fim ɗin yana nan a sinimar garinku, babu wanda ya je ɗauka. Ke ce kika koya mana kada a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa. Ki je ki tambayi mai injin.

Ki yafe mini in na wuce gona da iri.

Surukarki,
Nilufar

*

Sirajganj, 17 ga Zulƙida

Ɗana Tuhin,

Assalamu alaikum. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka. Ka karanta wannan har ƙarshe, ko da ba za ka amsa ba.

Na je ne don in ƙaryata Bouma. Ranar Talata da hantsi na hau matakalar bayan sinimar, na tarar da wani tsoho mai gemu ja da lalle yana taunar ganyen pan kamar goro a gefen injin. Afsar Ali sunansa. Yana ganina ya miƙe kamar ya ga innarsa, ya ce, "Khala mai alƙalami! Ke ce kika sa muka yi kwana huɗu a rufe. Yau kuma wa za a kama?"

Na ce, "Gaskiya na zo nema. Matar nan mai wanka, ta cikin fim ɗin ɗana ce?"

Ya yi dariya har pan ya sarƙe shi. Ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin benci, ya buɗe, ya zaro wani ɗan nadin fim duk ya ƙoƙe, bakinsa biyu duk salatif. Ya ce, "Ga ta nan, Khala. Baiwar Allahn nan fim goma sha ɗaya ta yi wanka a cikinsu. Ko kifin Jamuna bai kai ta wanka ba."

Na ce, "Kai da furfurarka, ba ka jin tsoron Allah?"

Ya ce, "Ina ji, Khala. Amma mai sinima ya fi kusa da ni, kuma 'ya'yana mata huɗu ne."

Na buɗe baki zan yi masa wa'azi, sai ya daina dariya. Ya ce, "Shekara talatin ina leƙen finafinai ta ramin bangon nan. Na ɗanki sau tara na haska shi, sau tara ina goge ido da bakin riga. Da aka ce in liƙa, sai da na nemi wurin da babu magana, don kada in yanke wa labarin numfashi. Ban san uwarsa tana sama ba. Wa ya taɓa ganin matan ta'alimi a nan?"

Sai ya ɗauko faifan fim ɗinka ya ɗora a kan injin. Ya ce, "Sai sha biyu za a fara na yau. Ki sauka ki zauna."

Kujera ɗari shida, ni kaɗai.

Tuhin, amaryar nan ta ɗauki tulu ta gangara bakin ruwa, ta cika shi, ta hau gaɓa ta koma gida. Shi ke nan abin da ta yi. A gida mijinta yana durƙushe yana goge katakon mangwaro, da fensir a bayan kunne, yadda mahaifinka yake sawa. A nan na gane ko wace ce. Ashe a kaina aka liƙa matar nan, kuma ni na tashi na yi shela cewa ita ce ni.

Na ga ruwa ya kai mata ƙirji, ƙyaure a kanta, ɗanta riƙe da bakin sarinta. Na ga zanen wuƙar da mahaifinka yake yi a jikin ƙyauren duk shekara don auna tsawonka, guda tara, da inda suka tsaya. Ka cika allon nan gaba ɗaya da wurin da babu zane na goma, kuma ba ka sa kowa ya yi magana ba.

Sai ranar da na doke ka da muciya don ka tsere ka je kallon majigin kasuwa. Na ɗauka za ka nuna muguwar uwa, kuma da ka yi haka da ba ka yi ƙarya ba. Amma ka bi ta har bayan ƙyaure, inda ta zauna ta cusa sari a baki don kada a ji kukanta, yaron kuma yana leƙe ta tsagin katako. Shekara ashirin da biyar ban san ka gan ni ba.

Da aka kunna fitila na kasa tashi. Afsar ne ya sauko ya kawo mini ruwa a kofin silba.

Ban iya yabon fim ba, ban san kalmominsu ba. Abin da na sani, duk macen da kogin nan ya taɓa kora da ta ga kanta a ciki, kuma muna da yawa, mun fi ƙarfin sinima tara. Ni na tsaya a ƙofa na hana su shiga.

Na yi kuskure. Na zalunce ka. Ban saba rubuta waɗannan kalmomi ba. Gobe zan je wurin ɗan jaridar da babban jami'i. Da alƙalamin da na ɓata zan gyara.

Alkawarin da ka yi mini na barin sana'a, na sauke maka shi.

Mahaifiyarka

*

Sirajganj, 6 ga Safar

Bouma,

Assalamu alaikum. Allah ya yi miki albarka, ya saka miki da alheri a kan gaskiyar da kika faɗa mini. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na aiko gidanku. Ukun farko sunan mijinki na rubuta a kai, ba amsa. Na kira daga shagon waya sau biyu, kin ce ya fita, kuma ina jin tarinsa.

Na yi abin da zan iya. Jaridar ta buga janyewar maganata, layi huɗu a shafi na bakwai, ƙarƙashin farashin takin zamani. Babban jami'i ya karɓi takardata ya ce za ta bi layi. Na zagaya gida arba'in da ɗayan nan, ɗaya bayan ɗaya, na ce ƙarya muka sa wa hannu. Mata shida suka yarda su sake sa hannu. Matar Haji ta ce, "Apa, uwa ce ke, dole ki wanke ɗanki. Mu dai sau ɗaya ya ishe mu." Lokacin da nake tsine masa kowa ya gaskata ni. Yanzu da nake faɗin gaskiya sun ce son zuciya ne.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Afsar mai injin ya tare ni a kasuwar kifi ya ce labari ya zo daga Dhaka. Wai masu yin finafinan nan da ba sa buƙatar liƙi, don da ƙazantarsu ake ɗaukar su, sun neme shi. Wai sun ce sunansa yanzu yana da kasuwa. Wai har an ga ya shiga ofishinsu.

Ki gaya mini ƙarya ne. In kuma gaskiya ne, ki tsaya masa a ƙofa. Ki ce masa ya dawo gida, akwai shinkafa, akwai ɗaki, makarantar mahaifinsa tana neman malami. Ko ya zauna bai yi komai ba, zan koma ɗinkin bargo. Ba wa'azi nake yi ba, Bouma. Roƙo nake yi.

Ki kula da cin abincinsa.

Surukarki,
Meherunnesa

*

Dhaka, 12 ga Shawwal, shekara ta zagayo

Ma,

Assalamu alaikum. Duk wasiƙunki sun iso, na karanta. Na yafe miki tun tuni, kada wannan ya dame ki. Na ji daɗi da kika gan shi. Dama mutum ɗaya na yi wa.

Wata bakwai na yi ina yawo da sabon labari a jaka. Duk wanda na kai wa sai ya ce, "Irin wancan? Wanda ya yi kwana bakwai?" Mutum ɗaya ne ya buɗe mini ƙofa.

Sabon fim ɗina ya fito da Sallah a sinima arba'in da shida. Ko'ina a cike yake, an shiga mako na biyu. Kwana goma sha takwas na ɗauke shi. Wannan karon Afsar Ali ba zai sha wahalar liƙi ba. Za ki ga fosta, sun buga maganarki ta jarida a samansa. Na roƙe su kada su sa, sun ce ita ce jarin.

Kada ki je.

Ƙyaure yana zuwa a motar kaya ranar Asabar. Na biya kafinta ya ɗora miki.

Tuhin

*

Sirajganj, 18 ga Shawwal

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Allah ya tsare ka inda kake.

Na ga fostar. An manna ɗaya a bangon bakin layinmu, ta nan nake wucewa in zan je ɗebo ruwa. Matar Haji ta zo jiya da farar takarda, wai in rubuta musu koke tunda ni na iya. Na ce mata hannuna yana ciwo.

Ƙyaure ya iso lafiya, babu inda ya tsage. Na goge shi da man kwakwa, na jingina shi a cikin ɗaki. Kafinta ya zo da hamarsa, na ba shi shayi na sallame shi. Ka ce kai da kanka za ka ɗora.

Zanin yana nan a ƙofar. Duk ranar da ka zo, ba sai ka ƙwanƙwasa ba.

Mahaifiyarka